DAMINA TA YI SALLAMA, INA TANADIN MIYAR RANI?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun har zuwa Anacha da Fatakwal. Damina dai ta fara haɗa kayanta. Ruwan da ya sauka tun watan Afrilu yanzu sai jefi-jefi, raɓa ta soma kwanciya da asuba, kuma da zarar Nuwamba ta kama, hazon hunturu zai rufe duwatsun Kagoro.

Duk wanda ya tashi a wannan ƙasa ya san abin da ke kasuwa a irin wannan lokaci. Kuɓewa ce tsibi-tsibi, ga gauta da yalo, ga yakuwa da rama da alayyafo, ga kabewa, ga attarugu ja wur. Daga Zonkwa zuwa Manchok, daga Kwoi zuwa Gidan Waya, mata na tafe da kwanduna a ka tun da sassafe. Wanda ya bar gida da daɗewa, faten acca da yakuwa da gauta kawai za a ambata masa yawu ya tsinke. To, amma ku tsaya a kasuwar nan har la'asar sakaliya ku ga yadda ciniki ke ƙarewa. Abin da mace ta sa wa kuɗi da hantsi, da yamma roƙo take yi a ɗauka ko nawa ne, domin ba za ta koma da shi ƙauye ba. Wanda ya yi kwantai ya kwana, gobe na akuya ne ko na bola.

Nan da wata uku ko huɗu, kuɓewar nan da aka zubar ita za a nema ido rufe. Matar da ta sayar da kwando a wulaƙance za ta dawo tana sayen busasshiya da ɗan gwangwani. Ku kuma can Ikko za ku shiga Mile 12 kuna salati saboda tsada. Abin da nake so mu duba yau ke nan: asarar kaka ita ce tsadar rani, kuma ku da ke Kurmi kuna da hannun da za ku rage ta.

Allah ya yi wa kudancin Kaduna baiwar da Kano da Katsina ba su samu ba. Ruwa yakan riga sauka a nan, ya kuma daɗe bai ɗauke ba. Lokacin da ƙasar Kano ta bushe, lambunan ban-ruwa na Kadawa da Kura ba su kai ga nuna ba, a nan akwai sauran danshi da ɗanyen ganye. Ga rafuka da fadamu birjik, ga ruwan Matsirga yana zuba rani da damina. Da a ce an tsara abin, wannan tsakani kasuwarmu ce. Amma kayan gwari ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi. Kwana biyu ko uku gare shi. Ko ya isa hannun mai saye, ko a shanya shi, ko ya ruɓe.

A da jirgin ƙasa ne ke ɗauke wannan nauyi. Jirgi shi ya raya Kafanchan tun da aka haɗa layin Fatakwal da Kaduna a 1927, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, daga baya ya zarce har Maiduguri a 1964. Dattawa suna ba da labarin yadda tasha ke cika da masu talla in jirgi ya tsaya, kaya su tafi Inugu da Fatakwal da kuɗi kaɗan. Wannan ya zama tarihi. A watan Maris na 2021 gwamnatin Shugaba Buhari ta ƙaddamar da gyaran layin, a 2024 aka buɗe sashen Fatakwal zuwa Aba, kuma tsakanin Aba da Kafanchan akwai tafiya. Saura babbar mota, ita kuwa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dako ya hau, ga shingaye a hanya, kowane da abin da ake miƙawa. Kwandon kaba kuma in aka jera shi bisa juna, na sama ya danne na ƙasa, kafin a kai gadar Lakwaja ruwan kayan na tsiyaya.

Za mu ci gaba da kira ga hukuma a kan jirgi da hanya, domin haƙƙinmu ne. Sai dai mun ga shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, mun ga na Alhaji Shehu Shagari a 1980, kuma har yau kuɓewa na ruɓewa a Kafanchan. Wanda ya zauna jiran gwamnati kafin ya yi tanadin miyarsa, gaya zai ci.

Iyayenmu mata ba su jira kowa ba. Kaka na yi za ka ga an yanka kuɓewa an baza, an shanya yakuwa da rama da zogale, an yi kauɗar tumatir, an ɗaure barkono. Da haka gida ke kaiwa bazara ba a sayi kayan miya ba. Yau an fara ganin wannan aiki kamar ƙauyanci, an koma ga tumatirin gwangwani da na leda. Inda ma ake shanyar, sau da yawa a gefen kwalta ake yi, ƙura da hayaƙin mota da kashin awaki duk a ciki. Matar da ta taɓa tauna tsakuwa a miya ba za ta sake saye ba, kuma da gaskiyarta.

Gyaran ba wani abu ne mai wuya ba. A ɗaga shanya daga ƙasa, a yi mata gado na kara ko na katako, a shimfiɗa tabarma mai tsabta. Ganye a inuwa ake shanya shi domin kada ya ƙone ya rasa korensa. Da yake a nan akwai sauran laima a watan Oktoba, kuma ita ke kawo fumfuna, sai a rufa wa gadon farar leda, a bar kafar da iska za ta ratsa. Mutanen da suka iya tsaga citta su shanya ta har a yi cinikinta a ƙasashen waje, mutanen Kachia da Jaba da Kagarko, ba za a koya musu shanyar kuɓewa ba. Kuma annobar da ta faɗa wa citta a 2023, ta bar manoma da yawa da bashi, ta isa ta nuna mana haɗarin jingina da amfani guda. Haka tsutsar nan ta yi wa tumatir a 2016 har gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci a kansa.

To, ina naku a ciki? Na farko, ku ne kasuwar. Duk gidan ɗan Arewa a Kurmi ana kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, duk mai tuwo-tuwo a Obalende tana nemanta. Maimakon ku jira ta bi hannu biyar kafin ta iso ku, ƙungiyoyinku na gari su aiko da saƙo tun yanzu: buhu kaza muke so, mai tsabta, ga kafin alƙalami. Macen da ta san akwai mai saye ba za ta zubar da kayanta da la'asar ba.

Na biyu, ku ne jarin. Kuɗin da ake aikowa gida na Salla da Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu, kwana uku ne an cinye. Ba na ce a daina ba, zumunci ne. Amma in mutum goma suka yi adashi suka saya wa ƙannensu injin ban-ruwa guda da tiyo, fadamar da ke kwance za ta ba da alayyafo da tumatir har ruwa ya dawo, yaron kuma ba zai biyo ku Ikko yana neman babur ba. Masu fataucin gwari su ma su haɗa kuɗi su sayi akwatunan roba da ake jerawa ba tare da sun danne kaya ba. Akwai tsada da farko, amma akwati guda zai yi sawu da yawa. Ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna a nan Kafanchan inda ake koyar da aikin gona. Ƙungiya in ta je da takarda tana neman shawara, ai ba za a kore ta ba.

Na uku shi ne mafi girma, wato zaman lafiya. Mai noman kayan nan yawanci Bajju ne ko Atyap ko Ham ko mutumin Kagoro. Mai saye ya loda a mota sau da yawa Bahaushe ne. Takin da ke gonar kuma daga shanun Fulani yake. In ɗaya ya janye hannu, sauran sun shiga uku. Mun ga 1987 a Kafanchan, mun ga Zangon Kataf a 1992, mun ga yadda kasuwar Kafanchan ta ƙone a 2011. Ku ma kun ga rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, da yadda aka tsayar da motocin abinci na 'yan kwanaki: farashi ya tashi a Kudu, kaya suka ruɓe a Arewa, babu wanda ya ci riba. Kuɓewa ba ta san dokar hana fita ba. Saboda haka in labarin gida ya zo muku ta waya, ku bincika kafin ku tura wa wani. Mai zuga daga nesa ba gonarsa ce za ta ƙone ba.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Sauran 'yan makonni ganyen nan ya ƙare. A taronku na wannan Lahadi ko bayan sallar Juma'a, ku ta da maganar, ku naɗa mutum biyu amintattu, ku buga waya gida a fara yanka ana shanyawa. Allah ya sa mu ga damina ta baɗi lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.