Aikin Gayya a Kan Tsofaffin Gine-ginen Ƙasar Wales

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin wannan ɗan taƙaitaccen sharhi ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wata jinka da ake ɗauka a ƙasar Wales, ɗaya daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗu suka yi Birtaniya. A can ne waɗansu mutane, waɗanda ba a biyansu ko anini, suka duƙufa ga rubuta tarihin tsofaffin gine-ginen ƙasarsu cikin Wikipedia, wato kundin ilmin nan na intanet da kowa ke da damar sa hannu a cikinsa. Ra'ayina shi ne, amfanin wannan aiki ya fi yawa a kan ƙananan gine-gine marasa mai yi musu kirari, kuma a nan ne aikin ya fi wuya.

Da farko ya kamata mai karatu ya san girman gonar da ake nomawa. Gwamnatin Wales tana da hukuma mai kula da kayan tarihi da ake kira Cadw, wadda aka kafa a 1984, ma'anar sunan kuwa a harshensu ita ce adanawa. A cikin rajistar wannan hukuma akwai gine-gine kimanin 30,000 waɗanda doka ta hana a rushe su ko a sauya musu kama sai da izini. An kasa su mataki uku gwargwadon darajarsu, na matakin ƙoli kuwa wajen 500 ne kawai. Masu aikin sa kai sun bi waɗannan manyan gunduma-gunduma, suka jera sunayensu, da inda suke, da zamanin da aka gina su, sa'an nan suka shiga rubuta musu maƙalu ɗaya bayan ɗaya, wani ya kawo hoto, wani ya gyara kuskuren shekara, wani ya juya maƙalar zuwa wani harshe.

Misalin da ya fi shahara shi ne na garin Monmouth, mai tsohuwar gada wadda har yau hasumiyar ƙofarta ke tsaye a kanta. A 2012 aka yi shelar garin a matsayin garin Wikipedia na farko a duniya, bayan mutanen gari da waɗansu na nesa sun rubuta ɗaruruwan maƙalu cikin harsuna fiye da 20. Aka manna ƙananan alluna a jikin gine-gine, ta yadda baƙo zai haska allon da wayarsa, nan take labarin ginin ya fito masa cikin harshen da wayar ke aiki da shi.

To, amma ina dalilin da na ce ƙananan gine-gine sun fi bukatar wannan gayya? Duk wanda ya ji labarin Wales, abin da yakan fara gani a hoto shi ne manyan gidajen yaƙi masu ganuwar dutse, irin na Caernarfon da Conwy da Harlech, waɗanda aka fara ginawa a 1283, da na Beaumaris da aka fara a 1295. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1986. Sai dai wanda ya sa aka gina su shi ne Sarkin Ingila Edward na Ɗaya, bayan an kashe Llywelyn, sarkin mutanen Wales, a 1282, kuma an gina su ne don a danne mutanen ƙasar. Waɗannan ba su rasa marubuta ba, domin littattafai a kansu sun cika ɗakunan karatu.

Gine-ginen da talakan Wales ya yi da guminsa kuwa daban suke. Cikin ƙarni na 18 da na 19, manoma da masu haƙar kwal da masu fasa dutse sun yi ta karo-karo suna gina ƙananan majami'u nasu na kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin cocin gwamnati, har yawansu ya wuce 6,000. A cikinsu ake wa'azi da harshen Wales, a cikinsu kuma yara da manya suka koyi karatu da harshen a makarantun ranar Lahadi. Har akwai gari sukutum, Bethesda, wanda ya samo sunansa daga wata irin wannan majami'a. Yau masu zuwa ibada sun ragu ƙwarai, an rufe da yawa, an mai da waɗansu gidajen kwana ko kantuna, waɗansu kuma rufinsu ya rufta. Idan irin wannan gini ya faɗi ba a rubuta kome a kansa ba, labarin waɗanda suka gina shi ya bi ruwa ke nan.

Mutanen Wales kuwa sun san abin da bin ruwa yake nufi. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn, wanda mutanensa ke magana da harshen Wales, don a yi madatsar ruwa saboda birnin Liverpool na Ingila. Makaranta da gidan waya da majami'a da gidaje da gonaki 12 suka shige ƙarƙashin ruwa, alhali babu ko ɗaya daga cikin wakilan Wales a majalisar London da ya jefa ƙuri'ar goyon baya. Sai a 2005 birnin Liverpool ya nemi gafara. Abin da ya rage na ƙauyen yanzu shi ne hotuna da abin da aka rubuta.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi shafarmu mu ɗaliban harshe. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen Wales kimanin 538,000 ne, wato ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar ba. Duk da haka suna da nasu sashe na Wikipedia tun 2003. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: idan aka rubuta tarihin majami'a da harshen da aka yi wa'azi da shi a cikinta, sunayen wurare kan zo daidai, ma'anarsu kuma ba ta ɓacewa.

Na san akwai masu suka, kuma sukar tasu ba ta banza ba ce. Suna cewa rubutu ba ya toshe yoyon rufi, sa'an nan wanda ba gwani ba yana iya cusa ƙarya a karɓa. Amsa ta farko ita ce, ginin da ba wanda ya san darajarsa ba ya samun mai kare shi ranar da aka zo rushe shi. Amsa ta biyu kuwa tana cikin dokar kundin kansa, wadda ta ce duk abin da za a rubuta dole a nuna littafi ko jarida ko wata madogara da aka riga aka buga shi. Wannan doka tana tare ƙarya, amma ita ce kuma ke ɗaure hannun mai aikin sa kai. Abin da tsohuwa ta gaya masa game da majami'ar ƙauyensu, kome gaskiyarsa, ba shi da wurin zama a kundin sai an fara buga shi a wani wuri. Ashe ginin da ya fi bukatar marubuci shi ne ya fi ƙarancin madogara.

Abin da ya sauƙaƙa wa mutanen Wales shi ne sun tarar da rumbu a cike. Tun 1908 aka kafa hukumar bincike a kan tsofaffin gine-ginen ƙasar, wadda ke Aberystwyth, ta auna, ta zana, ta ɗauki hoto, daga baya ta zuba bayananta a intanet. Babban ɗakin karatu na ƙasa, shi ma a Aberystwyth, ya ɗauki Jason Evans a 2015 don ya zama tsani tsakaninsa da masu rubutu a Wikipedia, ya kuma saki dubban tsofaffin hotuna kyauta. Wato masani ya yi shuka, mai sa kai ya zo ya yi girbi ya raba wa duniya.

A nan ne zancen ya iso ƙofarmu, domin kundin nan yana da sashen Hausa, dokarsa kuma ɗaya ce ko'ina. Ɗalibin da ya je ya zauna gaban magina da dattawan unguwa, ya auna zaure ko ƙofar gari, ya rubuta, aka buga a mujalla irin wannan, ya samar wa mai aikin sa kai madogarar da zai tsaya a kanta gobe. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana, idan lokacin zaɓen batun kundin digiri ya zo, kada a raina tsohon ginin da ke bayan gida. Ina kuma roƙon malamanmu su taimaka a riƙa buga irin waɗannan kundaye, maimakon a bar su a kabad gara ta ci. Allah ya sa mu dace, amin.