Maya Rudolph da Tambayar da Ta Ƙi Ƙarewa



Ranar 2 ga Nuwamban 2024, saura kwana uku a yi zaɓen Amurka, 'yar takarar shugaban ƙasa Kamala Harris ta bayyana a shirin barkwancin nan na Saturday Night Live. Aka zaunar da ita gaban madubi, ga 'yar wasan barkwanci Maya Rudolph tana kwaikwayonta a ɗaya gefen: kaya iri ɗaya, gyaran gashi iri ɗaya, har dariyar ma ba ka bambance ta wane ce. Amma da ka saurari masu hira da taurari, sai ka ji sun koma gidan jiya. Wai ai dole Maya ta iya kwaikwayon Harris, tunda ita ma ruwa biyu ce.

Ruwa biyu! Kullum ruwa biyu! Gaskiya ne mahaifiyarta, Minnie Riperton, baƙar fata ce, mahaifinta Richard Rudolph kuma Bayahude ne marubucin waƙa. To sai me? In jini ne ke yin wasan, wane jini ya haɗa ta da Donatella Versace, Ba'italiyar nan mai zayyana tufafi, wadda ta yi ta kwaikwayo har mutane na riƙe ciki? Ta yi Oprah, ta yi Whitney Houston, ta yi Beyoncé, kuma da muryarta take rera waƙar, ba ta aro ba. Wannan ba gadon fata ba ne, gumi ne.

Yarinyar nan sai da ta bi ƙungiyar mawaƙa ta The Rentals tana amshi tana danna fiyano. Sai da ta yi zaman koyo a The Groundlings da ke Los Angeles, inda ake jefa ka kan dandamali ba rubutu, ka ƙirƙiro abin dariya nan take ko ka sha kunya. Daga 2000 zuwa 2007 tana cikin Saturday Night Live, shirin da ake rubutawa cikin 'yan kwanaki, a watsa kai tsaye daren Asabar, ba damar a ce a sake. A 2020 ta karɓi lambar Emmy har biyu, ɗaya ta kwaikwayon Harris, ɗaya ta muryar da ta sa a zanen barkwanci na Big Mouth. Mai hira ya tsallake duk wannan, ya gyara zama, ya tambaye ta wane ɓangare ta fi jin nata ne.

In an gama da fata kuma sai a tono kabari. Mahaifiyarta ta rasu a 1979 da cutar dajin mama, tana da shekara 31, ita Maya ba ta cika bakwai ba. Yau fiye da shekara 40, amma mai hira bai gaji da neman hawayen marainiya ba, don hawaye ke jawo masu kallo.

Kada mu yi wa na Amurka dariya ma, namu fa? A gayyato jarumar Kannywood da ta kwana biyu a harkar, ta haddace dogon zance, ta yini a rana ana ɗaukar fita ɗaya. Me za a tambaye ta? Yaushe za ki yi aure? Me ya kashe auren farko? Asalinki 'yar ina ce, don hasken nan naki ba na nan ba ne? Haba malam! Kai da aka ba makirufo da rabin sa'a, ko kallon fim ɗin ba ka yi ba. Tambaye ta yadda ta shiga rigar matar da ba ita ba, tambaye ta nawa aka biya ta, an ma biya ta kuwa? Shirin mako mai zuwa yana nan tafe, ka je ka kalli fim ɗin tukuna.