Wai Ƙonnawa sun ƙi boko: to, ina harajinsu ya tafi?

Akwai wata tsohuwar waƙa da manyan ma'aikata ba sa gajiya da rerawa duk lokacin da aka tashi zancen ilimi a jihar Tawa. Wai mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela ba su son lakwal, wai sun fi son ɗansu ya riƙe awo a kasuwa ko ya bi mota zuwa iyaka da ya zauna a aji. Da an faɗi haka sai a naɗe tabarma, an sami mai laifi, kowa ya kama gabansa. Mu kuwa muna cewa wannan magana ƙarya ce da aka yi wa rawani, kuma tarihin ƙarnin da ya wuce ya isa shaida.

Daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ɗaya. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ma ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni tana ciki, abin da bai hana rundunar Bule da Shanuwan ƙone garin a 1899 ba. Sai a 1904 da 1906 aka sake shata iyaka, Ƙonni ta tabbata a hannun Faransa. Wato alƙalamin wasu Turawa ne ya raba ƴan uwa gida biyu. Mu duba abin da ya sami kowane gida.

A kudancin iyaka, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1921 Kwalejin Katsina ta fara ɗaukar ɗalibai, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a hukumance a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Da wane kuɗi aka ciyar da ita da ɗalibai? Ingilishi sun kafa Baitulmali a kowace masarauta, inda kusan rabin haraji da jangalin manyan masarautu ke zama a gida. Daga nan ake biyan alƙali da dogari, daga nan kuma ake gina makarantun lardi, da makarantun midil da suka biyo baya, ana biyan malamai, ana ciyar da yara a makarantar kwana. Waɗanda suka yi fice su ake turawa Katsina. Ta wannan hanya Ahmadu Bello ya tashi daga makarantar lardin Sakkwato ya shiga kwalejin a 1926, ya fito a 1931 ya koma yana koyarwa a midil ta Sakkwato. Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙofar nan suka bi.

Kada wani ya ɗauka yabon Ingilishi muke yi. Kwalejin ƙarama ce, an gina ta ne don samar wa En'e malamai da akawuna, ƴaƴan masu sarauta sun fi samun shiga, ƴaƴa mata kuwa ba a ma yi zancensu ba. Ba kyauta ba ce: gumin manomi ne da shanun Bafillace. Amma wani kaso na gumin ya dawo kusa da inda aka tatse shi, a ƙarƙashin kasafin kuɗi rubutacce wanda ake iya dubawa.

A arewacin iyaka fa? Dokar kuɗi ta Faransa ta 13 ga Afrilu 1900 ta wajabta wa kowace ƙasar mulkin mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Saboda haka Baƙonne da Ba'adare sun biya lanho, sun ba da gero, sun yi aikin tilas har zuwa 1946 da aka soke shi. Sai dai sarkin Ƙonni da sarkin Adar na Illela masu tarawa ne kawai, ba su da taskar da za su ce a gina aji da ita. Kuɗi ya bi hannun kumandan ya haura Damagaram, daga 1926 ya koma haurawa Yamai, kuɗin duwan kuma ya wuce Dakar. Har ƙarshen shekarun 1920 babu makarantar gaba da firamare ko ɗaya a duk faɗin Nijar. Bubu Hama sai da ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya kai makarantar Wiliyam Ponti a Senegal. Da aka buɗe ta Yamai a farkon shekarun 1930, wadda daga baya ta zama lise Isa Korombe, tana nesa da Ƙonni da kilomita 400 da ɗoriya. Ranar da muka karɓi ƴancin kai a 1960, yaran da ke makaranta ba su kai 5 cikin 100 ba.

To, jama'a, wace makaranta ce kakanninmu suka ƙi? Wadda ba a gina ba? Gaskiya ne wasu iyaye sun ɓoye ƴaƴansu a rumbu idan gardin kumandan ya shigo gari neman yara. Amma wanda jiya ya zo ya kama ƙanenka zuwa aikin hanya, yau ya zo neman ɗanka, me za ka yi tsammani? Iyayen Sakkwato ma sun yi wannan tsoro, ya ragu ne da suka ga ɗan wane ya dawo yana karɓar albashi a garinsu. Gani ya kori ji.

Abin takaici shi ne Bature ya tafi, bututunsa na nan. Kuɗi na haurawa, ba ya gangarowa. A shekarun 1990 mun ga albashin malamai na watanni ya maƙale, mun ga shekarun karatu sun tafi a banza, mun ga an harbe ɗalibai a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990. Daga baya aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi. A 2016 aka fitar da dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi da jihohi ragamar ilimi, amma duk wanda ya leƙa kwalejin ƙauye ya san an miƙa raƙumi ne an riƙe akala. Iyaye ke kafa rumfa, iyaye ke sayen alli, iyaye ke neman wa yaro mai masauki a gari. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, wadda ta ci yara fiye da 40, ba ta faɗo daga sama ba. Kuma a ce a ƙasar da ake yin siminti a Malbaza tun shekarun 1960 yaro yana karatu a ƙarƙashin zana! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku ƴan kasuwa, ku ke biyan duwan a Ƙonni, ku ke biyan kuɗin rumfa da na buhun albasar Galmi. Ba da buhun siminti goma ranar biki a tafa muku ba shi ne taimakon ilimi ba. Ku nemi lissafi. Ku ma'aikata, ku da ke riƙe da rajista, kun fi kowa sanin abin da ke shiga da abin da ke fita, shirunku ma hannu ne a cikin lamarin.

Buƙatarmu ba ta da wuya. A liƙa a ƙofar kowace gunduma, Ƙonni da Malbaza da Illela, abin da aka tara a shekara da abin da ya dawo wa kwalejoji da lise. A ware wani kaso sananne da zai zauna a gida don gina aji da ɗakin kwanan ɗalibai, musamman ƴan mata. A ba kwamitin iyaye ikon duba takardun kashe kuɗin. Idan an yi haka shekara goma azuzuwa suka zauna wayam, sa'an nan a zo a ce mana Ƙonnawa sun ƙi boko. Kafin nan, mai wannan magana ya fara kawo mana rasit.