A Sayar wa Manomi Taki Tun Kaka

A shekarar 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka ƙudiri aniyar kai amfani da takin zamani zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce, yawancin ƙasashen ba su ko kusanci adadin ba. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne tsada, maganin da aka saba kawowa kuma tallafi. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya ya ƙara wani dalili da gwamnatocinmu ba su cika kulawa da shi ba: lokacin da kuɗi ke hannun manomi.

Esther Duflo, tare da Michael Kremer da Jonathan Robinson, sun shafe shekaru suna gwaji da manoman masara a yankin Busia. Sun fara tabbatar da cewa ɗan taki kaɗan, rabin ƙaramin cokali a gindin kowace shuka, yana mayar da kuɗinsa har da riba mai kauri. Manoman da dama sun ce suna da niyyar saye, amma idan lokacin zuba taki ya yi sai a tarar aljihu ya bushe. Kuɗin kaka sun riga sun tafi a hidimomin gida, yau kaɗan gobe kaɗan.

Sai masanan suka gwada wata dabara mai sauƙi. Da an gama girbi, a je wa manomi har gida a sayar masa da takardar taki a cikakken farashi, a yi masa alkawarin kawo kayan kyauta lokacin da yake bukata. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna cewa wannan ɗan rangwamen dako ya ƙara yawan masu zuba taki kusan daidai da rage rabin farashi daga baya, bayan shuka ta fito. Irin waɗannan gwaje-gwaje ne suka sa Duflo da Kremer, tare da Abhijit Banerjee, suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san wannan hali. Kaka lokacin biki ne da biyan bashi da gyaran ɗaki. Bazara kuwa rumbu ya yi ƙasa. Amma yaushe ake ƙaddamar da sayar da takin gwamnati? Galibi sai damina ta kankama, a kafa rumfuna, a yi jawabai, manomi na kallo ba ko sisi. Mai kuɗi ya kwashe buhunan, su ɓulla a kasuwa da sabon farashi. Ra'ayina shi ne a mayar da wannan ciniki watannin Oktoba zuwa Disamba, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Akwai ƙalubale biyu da bai kamata a raina ba. Na farko, a kaka hatsi ya fi araha, don haka manomin da ya sayar da ƙarin buhu domin taki yana iya yin asarar tashin farashin da ke zuwa a bazara. Na biyu shi ne amana. Ba wanda zai miƙa kuɗinsa a Nuwamba kan alkawarin Yuni idan ya taɓa riƙe takardar da ba ta zama buhu ba. A Busia ma, da aka janye shirin, manoma da yawa sun koma gidan jiya, wato abu ne da sai an maimaita shi kowace shekara.

Saboda haka kada a kwafo tsarin Kenya ido rufe. A gwada shi a ƙananan hukumomi kaɗan, ta hannun ƙungiyoyin manoma da dillalan da jama'a suka yarda da su, a kwatanta da inda ba a yi ba, a bayyana sakamakon kowa ya gani. Kuɗin wannan gwaji bai kai na bikin ƙaddamarwa guda ba.