Ciwon Da Ba Ya Fitowa A Fata

A cikin watan Afrilu na 2020, da cutar korona ta ɓulla a Kano, Gwamnati ta hana fita, aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a, aka ce kowa ya bar musafaha. Jama'a suka yi ta kuka da wannan kulle har aka ɗage shi a farkon watan Yuli. To, akwai waɗansu bayin Allah a cikinmu da sun shekara da shekaru ba a miƙa musu hannu, watau masu kuturta da sauran ciwace-ciwacen fata masu daɗewa. Halin da zuciyarsu ta shiga a lokacin nan, lalle ba mu ba shi hakkinsa ba.

A ɗauki mutumin Kwanyawa, can wajen Ƙaraye da Rogo, wanda ya soma shan maganin kuturta. Maganin kyauta ne a duniya duka tun 1995, ana shansa wata 6 ko wata 12, kuma da an soma sha mutum ya daina yaɗa cutar. Amma fa wata-wata ake karɓa, ɗaya daga cikin ƙwayoyin kuma yana ƙara wa fata duhu, har maƙwabta su gane abin da yake ɓoyewa. Idan gyambo ya yi tsanani sai an dangana da Yadakunya, kusa da birni. Ga hanya a rufe. Ga azumi ya kama, lokacin da sadaka ta fi yawa, alhali wuraren da ake samunta ba kowa. Wanda yatsunsa suka guntule ba ya iya riƙe fartanya balle ya ce ya koma gona. Mutum ya wuni a ɗaki shi kaɗai, ba barci, ba cin abinci, yana jin shi kaya ne a kan iyalinsa: wannan ciwo ne, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, yana kuma da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sababbin masu kuturta da aka gano a 2020 sun ragu da fiye da sulusi bisa na 2019. Kada mai karatu ya yi murna. Ba cutar ce ta ragu ba, zuwa asibiti ne ya ragu.

Mun sani akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, an kuma sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Sai dai wanda ake ce wa kuturu ba zai so a ƙara masa da mahaukaci ba, saboda haka ba zai je ba. A ganinmu, malamin asibitin da ke ba shi ƙwaya shi ya kamata a koya wa tambayar barcinsa da cinsa da wanda ke zuwa gaishe shi. A zamanin En'e ma a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara aka riƙa raba ƙwayar dafson, ba a birni kaɗai ba.

Ku kuma akawuna da dagatai, ku san gidajen da masu wannan lalura suke tun annoba ba ta dawo ba, don in an sake rufe hanya a kai musu maganin watanni har gida. Malaman makaranta kuwa su duba bencin da ɗan kuturu yake zaune, su ga ko akwai yaro a kusa da shi.