Wasiƙar Zugu: Zinariya A Tsakar Gida

Zuwa ga Edita.

Ga wasiƙata ta wannan mako daga ƙasar Zugu, ina roƙo ka ba ta fili kamar yadda ka saba. Yau waiwaye zan yi, gama an ce waiwaye adon tafiya, kuma akwai abin da ya auku cikin garuruwanmu wanda na ga an soma mantawa da shi tun kaburburan da ya bari ba su gama lotsawa ba.

Jama'a, in dai labarin sarauta ne, mu mutanen yammacin Zamfara ba mu da abin kuka. Ka zauna da dattijo a Anka, zai lissafa maka yadda Zamfarawa suka fara sarauta a Dutsi, suka gina Birnin Zamfara, da yadda Sarkin Gobir Babari ya ci birnin nan a shekarun 1760, gidan sarauta ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zo ya zauna Anka bayan jihadi. Ka tafi Gummi, za a ba ka labarin Sarkin Mafara, ka komo Bukkuyum a ba ka na Sarkin Danko. Makaɗa sun riƙe wannan a ka, masana kuma sun sa shi a takarda. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna Anka ya tattara tarihin Zamfara, aka buga shi da Jamusanci a 1959. Dakta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Sakkwato, shi ma ya rubuta nasa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Allah ya saka musu da alheri.

Amma fa ka tambayi dattijon nan wace shekara ce gulbi ya ci gonakin unguwarsu, ko nawa aka sayar da tiyar dawa a shekarar fara, ko yara nawa aka rufe a bazarar da sanƙarau ya shigo, sai ka ji ya ce, "Wallahi an daɗe." Labarin fada yana da masu tsaronsa, na tsakar gida kuwa ba shi da kowa, alhali a tsakar gida a ke haihuwa, a nan a ke daka, a nan a ke mutuwa. Mu da mu ke aikin akawu mun san abin da ba a shigar cikin littafi ba, in an kwana biyu sai ya zama kamar bai taɓa faruwa ba. To, bari in shigar da guda ɗaya yau, ku ga abin da rashin lissafi ya ke jawowa.

Zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Zamanin Turawa, musamman shekarun 1930, an haƙe ta a Lardin Sakkwato, sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aikin ya lafa, ramuka suka cika da ciyawa. Mutane suka ci gaba da zamansu irin na da: damina a yi noman gero da dawa da auduga, a yi gayya, kaka a yi sussuka da bukukuwa, rani samari su tafi cin rani, masunta su bi Gulbin Zamfara, mata kuma ko wace da 'yar sana'arta a cikin gida, wannan ƙuli-ƙuli, waccan fura, waccan dakau. Wajen 2008 zuwa 2009 kuɗin zinariya ya tashi ƙwarai a kasuwannin duniya, sai manomi ya ga abin da zai samu a rami cikin mako guda ya fi abin da gona za ta ba shi cikin watanni. Wa zai ga laifinsa? Sai aka ɗauki diga da buhu aka nufi daji.

Ga inda abin ya ɓaci. Zinariyar nan tana cikin dutse ne, sai an farfasa shi, an niƙa ya zama gari, an wanke, kafin ta fito. Mutanenmu kuwa, da ya ke ko wane aikin niƙa da daka a gida a ke yinsa tun kaka da kakanni, sai suka kawo dutsen gida. Mata suka sami sabuwar sana'a, suna farfasa shi a tsakar gida a biya su, wasu ma da turmin da a ke dakan tuwo. Injin niƙan hatsi ya koma niƙan dutse, ƙura tana tashi tana sauka bisa rufin ɗaki da rijiya da abinci. A shanya garin inda a ke shanya tsaba, a wanke shi a kududdufin da a ke ɗiban ƙasar gini, buhun da ya ɗauko dutse jiya gobe a zuba masa gero. Ba wanda ya san dutsen wasu ramukan cike ya ke da dalma, dangin dutsen nan da a ke yin tozali da shi. Babba ya kan jure ta zuwa wani lokaci. Yaro mai rarrafe kuwa, wanda hannunsa ba ya rabuwa da ƙasa, bakinsa ba ya rabuwa da hannunsa, jikinsa ya fi na babba saurin shan dalma, kuma ƙwaƙwalwarsa da ba ta gama ƙosawa ba ita ta ke fara kamawa.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Mutane sun gani, amma wa ke kai ƙarar mutuwar agwagwa? Sa'an nan yara suka soma amai da ciwon ciki da jijjiga, su suma, su cika. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce. Ko wane gida ya yi haƙuri da nasa rashin, ya karɓi gaisuwa, maƙwabci ma haka, ba wanda ya tara lissafin wuri ɗaya. Sai a watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na-gari na-kowa, watau MSF, suna zagayen neman sanƙarau, suka ji labarin yawan mutuwar yara, suka ba da maganin da aka saba bai yi ba, aka aika da jini ƙasar Jamus aka gwada, aka tarar dalma ce.

Da masu binciken cututtuka na Amurka suka zo a watan Mayu suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, sai suka sami cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun mutu cikin shekara guda. Jama'a, ku tsaya ku auna wannan. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wuraren niƙa an tarar kashi ɗaya cikin goma na ƙasar wurin dalma ce, alhali a lokacin iyakar da Amurka ta yarda da ita inda yara ke wasa kashi 400 ce cikin miliyan. Bayan garuruwan nan biyu aka gano Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Duza, da Tungar Guru, da Bagega wadda ta fi su duka girma. Yaran da suka rasu sun haura 400, waɗanda gubar ta shiga jininsu kuwa dubbai ne, cikinsu akwai waɗanda suka rayu amma ido ya tafi, ko ji, ko hankali ya raunana. An kuma ba da labarin wasu garuruwa sun ɓoye rashe-rashensu don tsoron kada a hana su haƙa. Talauci ba abin da ba ya sawa.

Yadda aka yi maganin abin shi ma ya isa a rubuta, gama a nan ne zumuncin garuruwanmu ya nuna amfaninsa. Aka buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, a kwantar da yaro da uwarsa, a yi ta ba shi maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci suka ce magani banza ne in yaro zai koma gidan da ya sha gubar. Saboda haka sarakuna da hakimai suka sa baki aka fitar da niƙan dutse bayan gari, masu gida suka buɗe ƙofofinsu, samarin gari suka ɗauki shebur suka kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna da ta hanyoyi, aka zuba a buhuna aka kai rami aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Gayya ce sosai, sai dai ba ta noma ba. Garuruwa bakwai aka gama tsakanin 2010 da 2011. Bagega ta yi jira har 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin a farkon shekarar. Kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, an gwada jinin yara fiye da 8,000.

Ina masu wannan dabara ta kankare ƙasa suka koyo ta? Wannan shi ne abin da na fi so malamai su lura da shi. A Amurka, cikin jihar Aidaho, akwai wani ɗan gari wai shi Kelog, inda a ke da babbar ma'aikatar narkar da dalma. A 1973 wuta ta cinye matatar hayaƙinta, aka ci gaba da aiki haka nan, ƙura ta rufe unguwanni. A 1974 aka gwada yaran da ke kusa, aka tarar kusan dukansu dalma ta yi musu yawa a jini. Mutanen can suka rubuta kome: gidan wane, ƙasarsa kaza, jinin ɗansa kaza, bana kaza, baɗi kaza. Da wannan lissafi na shekara da shekaru aka gane in an canja ƙasar gida, dalmar jinin yaro ta kan sauka. Kamfanin TerraGraphics da ya yi aiki a can shi ne ya zo ya jagoranci aikin Dareta da Bagega. Ashe labarin tsakar gidan wani gari da ba mu taɓa jin sunansa ba, don an rubuta shi, ya ƙetare teku ya ceci 'ya'yanmu.

Namu fa, ina ya kai? A 2015, shekara biyar kacal bayan namu, a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, aka kawo dutse gida aka niƙa kamar yadda muka yi, yara 28 suka mutu. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma sai wanda ya ji labarin gobarar zai nemi ruwa.

Tsorona ke nan game da mu kanmu. Jariran da aka yi jinya a Anka sun zama samari da 'yammata, ba su tuna kome. Ɓarayin daji sun tarwatsa ƙauyuka da yawa na ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, kowa ya san kisan da aka yi a watan Janairu na 2022, tsofaffin da suka ga abin da idonsu sun watsu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Dutse yana nan, dalma tana cikinsa, talauci kuma bai tafi ko'ina ba. Ran da wani saurayi zai ga bayan gari ya yi nisa ko ya yi hatsari, ya ce wa amaryarsa ta ɗan farfasa masa buhu guda a gida, wa zai tsaya ya ce masa kul?

Don haka ga shawarata, kuma ba ta bukatar kuɗin gwamnati. Ko wane gari ya sami littafi guda mai bango mai ƙarfi, a ba malamin makaranta ko magatakardan hakimi ko liman, wanda dai jama'a suka amince da shi. Ko wace Jumma'a ya rubuta abin da ya faru cikin mako, da boko ko da ajami: haihuwa nawa, rasuwa nawa da shekarun mamatan, kuɗin hatsi a kasuwa, inda ruwa ya kai, cutar da ta shiga dabbobi, har da agwagi. In ya ga rasuwar yara ta wuce yadda aka saba, ya kai wa dagaci da ma'aikacin asibiti a ranar. A shafin farko kuwa a zauna da iyayen da abin 2010 ya shafa, maza da mata, a rubuta abin da suka gani da bakinsu tun suna raye, a yi kwafi biyu, ɗaya a gari ɗaya a fadar sarki, don zamanin nan gari ya kan tashi cikin dare ɗaya. Malaman makaranta su riƙa karanta wa yara shi ko da sau ɗaya a shekara.

Na san wani zai ce mutuwa ta Allah ce, me ya kawo ƙidaya? Gaskiya ne rai na Allah ne. Amma wanda ya ba mu haƙuri shi ya ba mu hankali da alƙalami, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce rufe rijiya don kada yaro ya faɗa rashin tawakkali ne ba. Da akwai mai riƙe da irin littafin nan a Dareta, da tun a rasuwa ta goma ya ga abin ya wuce misali.

Ina roƙon akawuna da malaman Anka da Gummi da Bukkuyum, duk wanda ya fara wannan aiki a garinsu ya rubuto wa Edita mu ji yadda ya yi, sauran mu koya. Allah ya ji ƙan yaran da suka rasu, ya ba iyayensu lada, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam. Ni ne naka,

Akawu, Zugu.