Juyen baƙin mai: Sifana ta makanike ce, sa ido na mai mota

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan darajar Naira ta faɗi, duk mai mota a Najeriya ya shiga lissafin inda zai rage kashe kuɗi. Baƙin mai na cikin kayan da farashinsu ya haura sosai, domin yawancin abin da ake haɗa shi da shi daga waje ake shigowa da shi.

A daidai wannan lokaci ne bidiyoyin YouTube da TikTok suka cika wayoyi, inda za a ga Ba'amurke ya kwanta a ƙarƙashin motarsa a ƙofar gida, ya kwance noti, ya canza filta, ya zuba sabon mai, sannan ya faɗi dalolin da ya tsira da su. Wanda ya kalla sai ya ce, to me zai hana shi ma ya yi?

Ga yawancin masu mota a biranen Najeriya, biyan makanike ya fi. Sai dai akwai sharaɗi: mai motar ne zai sayo man da filtar da kansa, kuma ya tsaya a yi aikin a gabansa.

Lissafin Amurka daban, na Kano daban

A Amurka da Turai ladan aiki ne ke da tsada, kuma sau da yawa da awa ake lissafa shi. Wanda ya yi juye da kansa a can ya ceci kaso mai tsoka na kuɗin.

A Kano ko Kaduna ko Abuja abin ya sha bamban. Kusan duk kuɗin juye a kan mai da filta yake tafiya, ladan hannu ɗan kaɗan ne a kai. Wasu masu sayar da baƙin mai ma sukan yi juyen ba tare da ƙarin caji ba idan a wurinsu aka saya, sai ɗan abin da aka ba yaran gareji.

Wanda ya ce zai yi da kansa kuwa, zai sayi mai da filta a farashin da kowa ke saya. Daga nan zai nemi sifana, da abin kwance filta, da mazurari, da kwanon tarar tsohon mai, da ƙarafan tokare mota. Kafin kuɗin waɗannan kaya su dawo, sai an yi juye da yawa.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Aikin ba shi da wuyar fahimta, amma kurakuransa suna da tsada. Idan aka ɗaure notin kaskon mai fiye da kima, haƙoran ramin sukan cinye, musamman idan kaskon na alminiyam ne, sai mai ya riƙa ɗiga. Idan kuma bai ɗauru ba, yana iya kwancewa a kan hanya, man ya tsiyaye, injin ya buga cikin 'yan mintuna.

Robar tsohuwar filta takan manne a jikin inji. Wanda bai lura ba ya ɗora sabuwa a kanta, da an tayar da mota mai zai yi ta feshi. Idan aka cika mai ya wuce alamar geji, yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta kare ƙarfe daga gogar ƙarfe.

Mafi hatsari shi ne jak. Jak ɗin da ke zuwa da mota don canza taya aka yi shi, kuma littattafan motoci suna gargaɗin kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kan ƙasa mai yashi ko tsakar gida marar daɓe, gocewarsa ba wuya. Ga kuma zafin man, wanda kan kai kusan digiri 100 idan injin ya yi aiki. Gareji yana da rami ko na'urar ɗaga mota, gida ba shi da su. Garin gyaran gira a rasa ido, ba dabara ba ce.

Akwai kuma ribar da ba a cika lissafawa ba. Makaniken kirki idan ya shiga rami, idonsa na kai wa ga robar shaf da ta yage, da birkin da ya cinye, da shokzoba mai yoyo. Gano irin wannan da wuri ya fi ladan juye daraja nesa ba kusa ba.

Inda ake cutar mai mota

Masu son yin juye da kansu suna da hujja mai ƙarfi guda ɗaya, wato rashin yarda. Kuma ba a banza suke faɗa ba. Mutum zai aika mota da kuɗi, a dawo masa da ita an ce an yi juye, alhali bai san wane mai aka zuba ba, bai san ko an canza filta ko goge ta kawai aka yi ba.

Jabun baƙin mai ya zama ruwan dare, har hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kai samame tana kama shi a kasuwanni. Hanyar masu yin sa sananniya ce: a samo galan na sanannen kamfani da aka gama amfani da shi, a ɗura masa ɗanyen mai marar sinadaran kariya, ko tsohon mai da aka tace, a liƙe baki. Irin wannan man ba ya kashe inji rana ɗaya. A hankali yake cin sa, sai wata rana a ji ƙara, a ga hayaƙi.

To amma kwanciya a ƙarƙashin mota ba ta maganin wannan. Wanda ya sayo jabu ya zuba da hannunsa, injinsa zai lalace daidai da na wanda makanike ya zuba wa. Maganin yana wurin saye: a je wa dillalin da kamfanin ya amince da shi ko babban gidan mai, a duba murfi da liƙinsa, a karɓi rasit. Idan farashi ya yi ƙasa da na kowa sosai, a tuna araha ba ta ado.

Lambobin da ke jikin galan

Cuta ta biyu ba ta ha'inci ba ce, ta sabo ce. Makanikai da dama sun saba da 20W-50 tun zamanin Peugeot 504, kuma suna ganin zafin Arewa sai mai mai kauri. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana idan inji na da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100.

Yawancin Toyota da Honda na shekarun baya-bayan nan, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, an ƙera su ne don mai marar kauri kamar 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20. Injinansu na da ƙananan hanyoyin mai, kuma na'urar da ke daidaita buɗewar bawul, wadda Toyota ke kira VVT-i, da matsin mai take aiki. Mai mai kauri ba ya isa waɗannan wurare da sauri lokacin da aka tayar da mota da safe.

Ba sai an yi gardama da kowa ba. Lambar da ta dace tana cikin littafin mota, kuma a motoci da yawa an rubuta ta a kan murfin da ake zuba mai. Haka adadin lita: ƙaramar mota irin Corolla lita 4 da 'yan kai take sha, kuma geji ne alƙali.

Sai maganar lokaci. A Amurka, Toyota na ba motocinta da yawa masu shan 0W-20 tazarar mil 10,000 ko shekara guda, amma ta rage zuwa mil 5,000 ko wata 6 ga motar da ke bin hanya mai ƙura ko yawan tsayuwa inji na aiki. Ƙurar hunturu da cunkoson gari sun sa motocin Arewa cikin rukuni na biyu. A kuma lura, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, kuma mil 5,000 kusan kilomita 8,000 ne.

Ina za a kai tsohon man?

Wanda ya yi juye a gida zai tashi da lita 4 ko 5 na baƙin ruwa mai guba. Mafi yawanci a kwata ko bayan gida yake ƙarewa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya na iya gurɓata galan miliyan 1 na ruwan sha. A unguwannin da rijiya ke kusa da kwata, wannan ba ƙaramin laifi ba ne ga maƙwabta. Gareji aƙalla yana tara shi a duro.

Galan ɗin da aka juye kuwa, kada a bar shi a gareji da lafiyarsa. A huda shi ko a yanke shi, domin shi ne jarin masu jabu.

Waɗanda ya dace su koya

Akwai mutanen da lissafinsu ya bambanta. Mai babur ko Keke Napep yana juye a kai a kai, notin a fili yake, ba sai an ɗaga komai ba. Direban da ke doguwar tafiya da wanda ke zaune nesa da gari su ma ya kamata su iya, ko don ranar da babu makanike kusa. Mai sha'awar aikin da ke da kayan aiki da daɓen siminti, babu laifi ya yi.

Ga sauran jama'a, aikin mai mota bai wuce na rabin awa ba. Ya zo da mansa da filtarsa, a buɗe galan a gabansa, a nuna masa tsohuwar filtar da aka cire. A tayar da mota, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, a kashe, a jira 'yan mintuna, a duba geji. Sannan ya rubuta kwanan wata da lambar mita a takarda ya ajiye a mota. Matar da ke da mota ita ma haka, ko ta tura wanda zai tsaya tsayin daka a madadinta.

Makaniken da ke aikinsa da gaskiya ba ya jin haushin a tsaya a kansa. Wanda ya ɓata rai don an ce a ga tsohuwar filta, ya riga ya faɗa wa mai mota cewa lokacin sauya gareji ya yi.